Rakiya Har Bakin Gada

Da hantsi muka kashe Sarkin Toka, a barandar wani gida a Ketaren Gwari. Mu biyu ne, tsofaffi masu ritaya, kowa da kwamfutarsa a kan teburin cin abinci da aka fito da shi waje saboda a nan netwok ya fi kamawa. Sarkin ya faɗi, aka saki kiɗa, sunayen waɗanda suka ƙirƙiro wasan suka yi ta hawa sama. Abokina ya cire tabarau ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Ni aikin duba lafiyar dabbobi na yi, kuma aikin ya yi yawo da ni: Adamawa, Kamaru, Sudan, kwas a Faransa, wani a Indiya. Na tsinci harsuna a hanya kamar yadda riga ke kwasar ƙarangiya. Shi kuwa mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya zo Minna koyarwa tun yana saurayi bai sake tashi ba. Ina kiransa Hedimasta, yana kirana Likitan Shanu, sai in magana ta yi nauyi ya ce Alhaji.

Shekara guda kafin wannan hantsin ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo kaɗan, yana jan ta da sanda. Hannun kuwa ya dunƙule, ya kwanta a cinyarsa. 'Yarsa, ma'aikaciyar jinya ce a Abuja, ita ta kawo masa kwamfuta da 'yar modem mai kama da ɗan yatsa, irin wadda aka fara yayi a shekarun nan, ta sa masa wasan. Wasa ne da mutane daga ko'ina a duniya suke shiga ta intanet, kowa ya zaɓi jarumi, a bi labari daga ƙauye zuwa ƙauye har a kai ga babban maƙiyi. Dabararta ita ce tafiyar da jarumi da maɓallai ake yi, da hannun hagu, dama kuma na riƙe da linzami, wato maus. Ta roƙe ni in shiga ni ma don ya sami abokin tafiya.

Ba ta yi lissafi da wayon tsohon malami ba. Ya zaɓi mai warkarwa, ya gano cewa in ya danna jarumina da linzami nasa zai riƙa bin nawa a baya. Ni ina gaba ina sara, shi yana baya yana ɗinke ni, hannun hagu na nan inda yake. Amma dai wasan ya tashe shi daga gado. Kullum in na iso daga Dutsen Kura da tsohuwar motata, sai in tarar ya yi wanka, ya yi aski, ya sa riga mai guga, yana duba agogo.

"Latti, Likitan Shanu. Da a makarantata ne da ka share fili."

Mun yi wasan yadda muka iya rayuwa. Ni ban iya shiga gidan kowa a cikinsa ba sai na yi sallama a fili, har matarsa ta riƙa amsa mini daga kicin. Shi kuma ya hana mu buɗe akwatunan da ke cikin gidajen mutanen ƙauye, duk da don a buɗe aka ajiye su. "Kayan mutane ne," in ji shi. Saboda haka muka daɗe da tsofaffin sulke, muka sha kisa fiye da kowa. Daga farkon damina har aka fara haƙar doya muna kan hanya.

Washegarin nasarar na zo a kan lokaci, baranda ba kowa. Teburin ma an mayar ciki. Matarsa ta tare ni a bakin ƙofa.

"Ya ce makaranta ta tashi."

Na same shi a kwance, fuska ga bango. Kwana uku haka. A na huɗu furfura ta cika masa haɓa, bai taɓa ɗan ƙwallon roba da 'yarsa ta ce ya riƙa matsawa ba, abinci ma sai an yi faɗa. Matarsa ta biyo ni har mota, ta rage murya.

"Alhaji, haka ya yi da aka sallamo mu daga asibiti. In ya ƙara wata guda a gadon nan, ƙafar ma za ta tafi. Ka nemo masa wani yaƙin, don Allah."

Na koma gida na shiga wasan ni kaɗai, ina yawo kamar sabon ɗan ritaya a cikin gari. Ashe duniyar ba ta rufe ba. Mutane na ta harkokinsu: wasu na kamun kifi, wasu na ƙira, wasu na tsere a kan dabbobi, wasu na tsaye a kasuwa suna nuna tufafi. Na rubuta abin da na gani a takarda, na kai masa bakin gado.

Na ce akwai kamun kifi. Ya ce, "Ka ga na yi kama da Banufe? Ka kira maƙwabcinka na Bida."

Na ce ana ba mutum fili ya yi noma. Ya ce don gudun fartanya ya yi karatu, ba zai tsufa yana noman kabewar ƙarya ba.

Na ce to, ana iya komawa a sake yaƙar Sarkin Toka, ana samun sulke mai kyau.

Ya juyo a karon farko. "Wanda muka kashe? Ya tashi?"

"Kowane mako yana tashi."

"A wajenmu mutum ɗaya ne ya tashi, kuma ba wannan ba ne." Ya sake juya wa bango.

Abin da ya fito da shi baranda sau ɗaya shi ne ban gajiya. Na ce masa ba a gama hidima irin wannan a watse, sai an bi waɗanda suka taimaka an gaishe su. Wannan ya shige shi. Muka koma ƙauyen farko, wajen wata tsohuwa, cikin mutanen da kwamfuta ke motsawa, wadda ta ba mu aikinmu na fari. Na danna ta. Sai ta fara kuka, tana cewa Sarkin Toka ya ƙone mata gona, ko akwai jarumin da zai taimake ta? Kalma bisa kalma, abin da ta faɗa mana watanni da suka wuce.

Hedimasta ya daɗe yana kallonta. "Ba ta san mu ba," ya ce. "Ba wanda ya ma gaya mata." Ya rufe kwamfutar a hankali. Na san ba tsohuwar kaɗai yake nufi ba. Mutum ne da ya koyar da rabin unguwar, kuma tun da ya kwanta ƙalilan ne suka tako.

Na miƙe zan tafi, ina jin na ƙara ɓata lamarin. Ya dafa tebur zai tashi, ƙafar ta ƙi, ya koma kujera.

"Ka yi haƙuri, Alhaji. Ba rakiya."

Kullum yana faɗin haka tun da ya kwanta, ni kuma kullum ina cewa ba komai. Ran nan ne na ji shi. Lokacin da yake da lafiya, har bakin titi yake kai ni, mu tsaya can mu buɗe sabuwar hira, wani lokaci ni in sake rako shi gida. Na ga rakiya iri-iri a duniya. A Sudan mai gida na bin ka har sai ka rantse masa ya koma. Fulanin Adamawa sun taɓa kai ni bakin rafi, suka tsaya har na haye na ɓace a cikin ciyawa. A Faransa kuwa, ranar farko da aka gayyace ni cin abinci, ina kan matakala na ji an rufe ƙofa an murɗa makulli, na kwana ina neman laifin da na yi. Babu laifi, haka suke. Amma ga mutum irin Hedimasta, baƙo ya fita shi yana zaune, wannan ciwo ne da ba ya cikin takardar likita.

A cikin wasan, bayan ƙauyen farkon nan akwai fadama, kuma duk sabon shiga sai ya ratsa ta kafin ya kai gadar da ke kaiwa babban birni. Cike take da kadoji da wasu ƙwari masu dafi. Mu kanmu mun mutu a cikinta ban san adadi ba. Da yamma na je na tsaya a bakinta ina kallo. Sababbi na shiga da 'yan sandunansu suna faɗuwa, manyan jarumai na wucewa a guje a kan dabbobinsu, ba mai waiwaye.

Da safe na ce wa Hedimasta, "Akwai baƙi a ƙauyen tsohuwar nan. Kadoji na cinye su a hanya, ba mai raka su."

"Baƙin wa?"

"Namu mana. Mun riga su zuwa garin."

Washegari na tarar da tebur a baranda, shi kuma da yankan reza a haɓa.

"Latti," ya ce.

Muka sami wata bishiya a mafitar ƙauyen muka mai da ita majalisa. Ni ke rubutu. In na ga sabo yana kai-komo a bakin fadama, sai in gaishe shi da Turanci, in bai amsa ba in gwada Faransanci, in gwada Larabci da haruffan boko. Wasu na tsammanin tarko ne. Wani ya tambaye mu ƙasarmu, da na faɗa sai ya ruga cikin fadama shi kaɗai, kada ya kama shi a gabanmu. Hedimasta ya yi dariya har ya sarƙe, sannan ya ce in rubuta masa mu muna nan in ya dawo. Ya dawo kuwa.

Hedimasta ne ya kafa dokokin. Baƙo a tsakiya, ni a gaba, shi a baya. Ba a karɓar komai a hannun baƙo. A bakin gada ake tsayawa, ko da ya roƙa a ƙarasa da shi birni, don rakiya tana da iyaka, in ta wuce nan ta zama reno. Kuma ba a juyawa sai ya haye ya ɓace. Sau da yawa nakan ƙosa, in ce ga wasu can suna jira.

"Tsaya, Likitan Shanu. Mutum ne, ba saniya ba."

Wata mata daga Kanada, mai jin Faransanci, ta tambaye ni me muke samu a ciki. Na fassara masa. Ya ce in gaya mata haka ake yi a garinmu. Bayan kwana biyu ta turo mana ƙanwarta.

Har yau in na tuna Minna ta wancan lokacin, barandar nan nake fara gani: ƙarar janareta in an ɗauke wuta, ƙamshin doya da ake soyawa a ciki, modem da muka ɗaure a jikin ƙarfen taga da igiyar wando don ta kama. In azahar ta yi ya ce, "Je ka yi sallarka, zan tsare bishiya." Ya dawo cin abinci, ya dawo zolaya. Hannun ne dai har lokacin ke kwance a cinya, tunda ni ke gaba shi bi kawai yake yi.

Sai aka yi mini rasuwa a Paiko, wani tsohon abokin aiki. Na ce masa zan yi kwana uku, baƙi su yi haƙuri. A rana ta biyu, bayan la'asar, ina zaune a kan tabarmar ta'aziyya, wayata ta yi ƙara. Na koma bayan wata bishiyar mangwaro.

"Alhaji, na kashe mutum biyu."

"Subhanallahi! Ina?"

"A fadama. Na leƙa ne kawai, na tarar da su a gindin bishiya, wai an ce musu akwai tsofaffi masu rakiya. In ce musu me? Mai gida ya yi tafiya?"

"To wa ya shige gaba?"

"Kakanka."

Sai na gane. In babu ni babu wanda zai bi. Dole ya tuƙa jarumin da kansa yana kuma warkarwa, kuma linzami ɗaya ba ya yin biyun.

"Na farko na kai shi bakin kada da kaina," ya ce. "Na biyu na juya hagu maimakon dama. Na ba su haƙuri. Na ukun ya haye."

"Da wane hannu, Hedimasta?"

"Da na maƙwabci. Wace irin tambaya ce wannan?"

Na ji an karɓe wayar. Matarsa ce, tana dariya. Ta ce shi ya kira ta ya ce ta ɗaga hannun ta ɗora masa a kan maɓallan, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya jiƙe sharkaf da gumi, yana zagin yatsun da yarensu kamar 'yan aji. Biyu sun amsa. Ta ce tun safe bai bar wurin ba, in yi masa magana ya ci abinci.

Hannun bai taɓa dawowa duka ba. Yatsu uku ya samu a ƙarshe, sun ishe shi riƙe kofi da ɓalle maɓallin riga, kuma bai sake komawa gadon nan da rana ba.

Ran da na dawo daga Paiko ban biya gida ba, na wuce Ketaren Gwari kai tsaye. Yana baranda, ya sunkuya, hannu biyu a kan tebur. Na yi sallama, na fara ba shi labarin ta'aziyya. Bai ɗago ba.

"Allah ya ji ƙansa. Zauna, kana tare mini netwok. Mutum huɗu ke jira, ɗaya Faransanci kawai yake ji. Kuma yau kai ne a baya."