Faya-fayan da Muka Rataya a Gonar Dawa

Ranar Talata ce, kwana huɗu bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da na fara kai azumi har faɗuwar rana, wata motar ɗaukar auduga ta tsaya a ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu na Hausawa da ke bakin kogi a ƙasar Sudan. Ina tsugune ina kankare kaskon da Inna ke gasa kisra, wainar dawa mai fale-fale irin ta can, sai ga yayana Usman ya diro daga bayan motar rungume da kwali, rigarsa duk baƙin mai, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Ya dire kwalin a tsakar gida, ya yanke igiyar da wuƙar yankan kuɓewa, ya zaro wani abu baƙi mai sheƙi, zagayayye, faɗinsa bai wuce bakin kwanon sha ba, da jar takarda manne a tsakiyarsa. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Inna, muryarmu ce a ciki. Daga Masar aka bugo ta." Inna ta karɓa ta kara a kunne, ta ce ita ba ta ji komai ba. Ni kuwa da ya iso hannuna, fuskata na gani a ciki. Ban yi karatu ba, autata Hajara ce ke rubuta min wannan a nan Alƙahira, amma ranar nan tana nan a kaina kamar jiya.

Yaya Usman yana koyon kanikanci ne a wani gareji a cikin gari, tafiyar safiya guda a kan jaki daga ƙauyenmu. Su huɗu ne a wurin. Idan aiki ya lafa bayan la'asar sai su ja ƙyauren kwano, su ɗauko jita biyu da suka saya kwance, su jona su da batirin mota da wata lasifika da suka ciro daga mataccen rediyo, su yi ta kaɗawa har kwanon rufin ya riƙa rawa. Yaya shi ne mai ganga, gangar kuma rabinta gwangwanin mai ne. Ranar kasuwa idan Inna ta aike ni kai masa kisra da miya, nakan ajiye kwanon in hau kan tsohuwar taya in leƙa ta huda. Sauti ne mai kaushi, mai ƙara, ba irin na kalangu ko goge da muka saba ba, kamar ana faɗa da ƙarfe amma ƙafarka na son bin sa. Mai waƙarsu wani siririn saurayi ne mai rufe ido idan ya ɗaga murya. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba. Daga baya da ya ƙware kowa Usta yake kiransa, yadda ake kiran babban makaniki a can, ni ma haka na kira shi shekara da shekaru, domin shi ne ya zama mijina bayan na girma.

Wani ɗan kasuwa ne ya ji su a wurin biki, ya ɗauki waƙarsu biyu, ya aika aka buga a faifan garmaho, ya ba su kwalin nan a matsayin rabonsu. Abin da bai faɗa musu ba shi ne, duk ƙauyenmu babu mai garmaho, a cikin garin ma sai gidan wani attajiri da ba ya buɗe wa makanikai ƙofa. Mutanen namu kuma, Allah Ya gafarta wa waɗanda suka rigaye mu, munafunci ya yi musu yawa a kan wannan. Su ne masu aikawa a kira 'yan gareji idan za su aurar da 'ya, su ne masu taka rawa har rawani ya kwance, washegari kuma su ne masu zama a gindin bishiya suna taɓe baki wai ɗan Malam Isa ya zama maroƙi. Maganar ta kai kunnen Baba a ƙofar masallaci, ya dawo gida fuskarsa a ɗaure, ya tsaya a kan kwalin ya daɗe yana kallo. Mun ɗauka zai farfasa su. Amma Baba mutum ne da ko tsinken igiya ba ya yarwa. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a rana, hasken ya daki bango, ya zura yatsa a ramin tsakiya, sai ya ce, "To, madalla. Ga abin korar tsuntsu ya zo har gida."

Lokacin dawa ta fitar da kai, tsuntsayen jan-baki kuwa sun addabi kowa. Sukan taso daga ciyayin bakin kogi kamar hayaƙi, idan suka sauka a gona kafin ka ruga ka isa sun bar maka tsirara. Korarsu aikinmu ne mu yara. Da an idar da sallar asuba Inna za ta ɗaure mana ɗumame a tsumma, ni da ƙannena mu bi gefen ruwa ƙafa ba takalmi, raɓa na jiƙa mana zane. A tsakiyar gona akwai gado mai tsawo da Baba ya kafa da itace, a kansa muke wuni, muna jan igiyoyin da aka ɗaure wa gwangwanaye masu tsakuwa, muna ihu har murya ta dushe, maza na jifa da majajjawa. Idan rana ta take tsuntsayen suka koma inuwa, sai mu sauko mu yi carafke da tsakuwoyin gwangwanin, mu karya takanda mu sha, mu gina ɗakunan laka a bakin ruwa, mu yi wa 'yar tsanar kara kitso. A wannan gonar Baba ya sa muka zura faya-fayan a igiya ɗaya bayan ɗaya, muka rataya su daga wannan kusurwa zuwa waccan. Iska na kaɗa su suna juyawa, suna walƙiya. Gaskiya kwana uku na farko sun yi aiki, har maƙwabta suka zo roƙo, Baba ya riƙa rabawa bibbiyu. Bayan nan tsuntsayen suka gane, har sauka suke yi a kai suna kashi. Rana kuma ta narkar da su, suka lanƙwashe kamar busasshen ganyen kabewa.

Yaya Usman ya zo gonar wata Juma'a. Na hango shi daga kan gadon, na ɗauka zai yi faɗa ko ya tsinke igiyar. Ya tsaya a ƙarƙashinsu yana kallon sama. Ɗaya ya kwance yana shirin faɗuwa, sai ya miƙa hannu ya ɗaure shi da kyau, ya goge hannunsa a wando ya juya. Tun daga ranar bai sake taɓa ganga ba, sauran ma suka watse ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɗaurin da ya yi har yau ban manta da shi ba.

Ɗaya kaɗai ya tsira, ni na sace shi, kuma ba don waƙa ba. Madubi nake so, gidanmu babu sai na Inna da ba a taɓawa. Na ɓoye shi a cikin rufin ɗakin kaji, ina zaro shi in kalli haƙorana da kitsona. Wata rana muna carafke na ajiye shi a gefe, dutse ya kuɓuce ya faɗa kansa ya ja masa layi. Na yi kuka, na shafa masa man gyaɗa ko zai warke. Da aka kai ni ɗakin Usta, yana cikin kayana a ƙasan kwalla. Ya gan shi, ya riƙe shi jim, ya ce, "Ashe ke ce ɓarauniyar." Ya mayar min. Sau da yawa na roƙe shi mu nemi mai garmaho, sai ya ce in bar abin da ya wuce. Ko a wanka ban taɓa jin ya rera komai ba. Aka daina yayin garmaho, kaset ya zo ya wuce, faifan na nan a kwalla, ban taɓa jin abin da ke cikinsa ba.

Da yaƙi ya koro mu zuwa Masar, na bar gadona da tukwanena da keken ɗinki, amma na naɗe faifan a cikin zane na sa a ƙirji. Muka sauka a wannan bene na unguwar Hayyis Sabi', hawa na biyar, inda ɗaliban Najeriya ke gaishe ni da Hausa a matakala. A nan Usta ya rasu bara, a kan katifar aro, nesa da garejinsa. Ina kuka ina faɗin wannan kuma ba na jin kunya. Bayan na fita takaba na gane muryarsa ta fara ɓace min. Ina tuna tarinsa, ina tuna takunsa, amma muryar ta ƙi zuwa. Sai na ce wa Hajara ta nemo min mai garmaho ko na minti biyar ne. Ta ɗauki hoton faifan a waya ta tura wa mutane.

Abin da hoton ya jawo min shi ne wani Bature mai tara tsofaffin faya-fayai, da wani dillalin kayan da, Bamisire, yana yi masa tafinta. Suka hawo da hantsi suna haki. An gaya musu gidan makoki ne, amma Baturen ko gaisuwar rashi bai yi ba, idonsa na kan zanen da ke cinyata. Ya sa fararen safar hannu kamar mai shirin fiɗa, ya ɗauki faifan ta gefe, ya haska shi da 'yar fitila, ya karanta sunan mijina gatsau da karkataccen harshe, sunan da ni da na haifa masa bakwai ban taɓa furtawa ba. Dillalin ya ce, "Ya Hajja, kin san abin da kike riƙe da shi? Shekaru yake nemansa. Ya ce hukuma ce ta ƙwace sauran ta ƙone, saboda waƙar ta tayar da hankalin masu mulki. Har rubutu ya yi a kai."

Na ce, "Gaya masa hukumar sunanta Malam Isa, ubana ne. Gaya masa jan-baki ne suka yi kashi a kansu, ni na rataya su da hannuna. Waƙar kuma ta wata motar auduga ce da ba ta tashi sai an tura."

Dillalin ya yi dariya har da tari, amma da ya juya wa Baturen na ga ya gajarta maganar. Shi kuwa ya riga ya hango layin nan na dutsen carafke, ya ɓata rai kamar ni na yi masa ɓarna a kayansa. Ya buɗe wani ɗan akwati, ashe garmaho ne ƙarami. Dillalin ya ce zai ɗora allura kaɗan ne kawai ya tabbatar yana yi, don irin wannan ba a cika juya shi ba, kowane juyi yana cinye shi. Na tambaya, to idan ya saya me zai yi da shi? Aka ce zai sa shi a leda, ya jera shi a kanta tare da dubbansa. Na dube shi sama da ƙasa, katon mutum da furfura a gemu, ya tsallako teku don ya kulle muryar da ko kalma ɗaya ba ya ji a cikinta. Na ce ko dai a juya shi daga farko har ƙarshe, ciki da baya, ko su sauka yadda suka hawo.

Allurar ta sauka, aka ji ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa, sai gangar Yaya Usman ta shigo, sai jita, sai ga Usta. Yaro ne, ya Rabbi, yaro ɗanye, yana zagin mota da iyakar ƙarfinsa, ana jin dariya a cikin maƙogwaronsa. Ban taɓa sanin mijina yana da irin wannan dariyar ba. Hajara ta ɗaga waya tana ɗauka, Baturen ya miƙe yana kaɗa hannu, wai idan sautin ya bazu darajar faifan za ta zube. Hajara ta ce masa, "Ma'alish, ka yi haƙuri, babana ne," ta ci gaba. Da allura ta iso kan layina sai ta yi tsalle ta koma baya, Usta ya maimaita kalma ɗaya sau uku. Baturen ya runtse ido kamar an taka shi. Ni kuwa na ji kamar da gangan ya tsaya a wurin yana jirana. Na sa aka sake juyawa, aka kuma sakewa. Da aka gama na miƙa hannu, na karɓi kayana da yatsuna masu man girki, na naɗe a zane. Dillalin ya yi ta ya Hajja, ya Hajja, ki ji tayinsa mana. Na ce halas, magana ta ƙare, ku sha shayinku kafin ya huce.

Yanzu kullum bayan na karya kumallo Hajara takan kunna min wayar, in zauna a bakin taga, ƙananan bas na ta ihu a ƙasa, ni ina kan tsohuwar taya ina leƙe ta huda. A da an raina yaran nan huɗu har aka rataya muryarsu a gona, yau ana girmama robar har ana sa mata safar hannu, kuma daga masu rainin har masu girmamawar ban ga wanda ya zauna ya saurara ba. Ina kewar gadon nan na tsakiyar dawa, da raɓa, da ƙannena da ba sauran ko ɗaya, har da jan-bakin. Na yi shekara sittin ina kallon fuskata a cikin faifan nan, ashe Usta ne a ciki.