Yarinya Tana Ɗakin Tsohuwa

A daminar farko bayan an ƙaddamar da Shari'a guguwa ta faɗa wa ƙauyenmu, can gefen Baure. Ta yaye jinka, ta kayar da rumbuna, ruwan da ya biyo bayanta ya cika masai ya gangara rijiya. Ba a yi mako ba amai da gudawa ya shigo. Daga tsakar gida nakan ji wucewar masu makara, kullum takunsu raguwa yake yi.

Sai ga 'yan sa-kai daga Daura da magani a bayan a-kori-kura. Mazan suka yada zango a gindin darbejiya, tunda ba sa shiga gidan aure. Wata ma'aikaciyar jinya ce ke bi gida-gida.

Ran nan 'yar farina tana kwance a ɗakin Inna, uwar mijina, wadda ta ɗauke ta tun yaye. Tun safe take amai. Inna ta ce iskar guguwa ce ta taɓa ta, ta yi mata turare, ta saki labule. Mu kuwa a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban suruka.

Ma'aikaciyar ta yi sallama. "Inna, akwai mara lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ku dai kun ɓata mana rijiya da warin magani."

Ma'aikaciyar ta juyo gare ni. "Yaya, yaranki fa?"

Idon Inna na kaina. Na ce, "Suna nan."

Ta miƙo mini takardar haɗa ruwan gishiri da sukari, ta tambaya ko ina karatu. Na ce na ɗan yi yaƙi da jahilci. Na ari bironta kamar zan gwada mata. A bayan takardar na rubuta: yarinya tana ɗakin tsohuwa.

Ta karanta, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Inna, azahar ta yi. A ba ni wuri a ɗakinki in yi salla."

Wa zai hana mai salla wuri? Inna ta ba ta hanya.

Ma'aikaciyar ba ta ko shimfiɗa tabarma ba ta fito da yarinyar a kafaɗa, idanu sun faɗa, wuya ya langwaɓe. A reshen darbejiya aka rataya mata ƙarin ruwa. Sai wajen la'asar na jiyo kukanta ta bayan danga, siriri, na zauna a ƙasa inda nake.

Ta rayu. Inna ba ta sake amsa gaisuwata ba sai da aka yanke gero.