Hancin Baffa Tanko a Matoya

Wawan labarin nan ni ne, gara in faɗa da bakina. Wata Laraba ce, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, matan unguwarmu suka haɗa tukwanensu a matoya ɗaya bayan gari. Kakata Iya Delu ce shugabarsu, kuma dokarta guda ce: "Ɗanye ba ya shiga wuta." Tukunya ɗaya mai laima kan fashe ta tafi da na maƙwabta, mai ita kuwa ba a sake haɗa toyi da ita.

Ni aikina ɗebo kara da busasshen kashin shanu. To da safiyar nan na samu wani tulun Iya da ya bushe sarai, na kwaɓa yumɓu na liƙa masa hanci, irin na ƙanin babana Baffa Tanko sak, har da tudun tsakiya. Na cusa shi can cikin tarin, na rufe da ciyawa.

Da aka cinna wuta sai dokar Iya ta faɗo min. Na tsaya riƙe da kara, ina karanto duk surorin da na iya, ba su kuma fi huɗu ba. Can sai tas! Aka sake, tas! Har la'asar babu mai kallon wata, kowa na jiran toka ta huce a san mai laifi. Ɗaya daga cikin matan, Gwaggo Ladi, ita ce ta tono hancin cikin tsingaro, ga alamar Iya a gindin tulun. Iya ta dube ni sau ɗaya, ta ce wa matan ita ce ta yi gaggawa. Har ta rasu ita kaɗai take toyinta.

Yanzu ina Pantai Dalam, wata unguwa a ƙasar waje, wurin ɗana mai karatu, a bene hawa na sha huɗu, inda ruwa ke fitowa daga bango kuma babu ƙanshin sabon tulu. Jiya jikata Hanan ta nuna min a waya tukwanen wasu mutanen Peru na dā, wai Moche, ja da fari, kowace da fuskar mutum har da hanci. Na gyara hula na ba ta labarina, na ce, "Amarya, kin ga 'yan'uwana a sana'a. Ni ma gari ne bai san darajata ba."

Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta amsa da salon maganar mutanen ƙasar nan. "Su sun jira nasu ya bushe lah, Kaka. Kuma ba su bar tsohuwa da laifi ba."