Baƙon da ke Soke Wurin Hamma

Tela na zaune a tashar mota da jikarsa, idonsa kan wani baƙo siriri mai tabarau ɗaure da zare, wanda ya tara yara yana karanta musu labarin kunkurun da ya faɗa rijiya. Bakunan yaran yake kallo; da zarar wani ya yi hamma, sai ya soke wurin da biro. Tela bai yarda da wannan kallon ba.

"Malam, me kake nema wurin 'ya'yan mutane?"

"Littafin yara nake rubutawa, baba. Inda suka gaji nake yankewa."

Ɓarawon yara ma ai da baki yake zuwa. Tela ya ja jikarsa cikin mota tana kuka. Sai da suka hau titi ya sunkuya, ya tambaye ta a hankali: "Kunkurun ya fito kuwa?"