Gwaggo Sanfa da Kyanwoyin Ƙaramin Tsibiri

Ranar Talata, tara ga Sha'aban, muna dawowa daga kamun kifi da la'asar, aka tarbe mu a bakin teku da labarin rasuwarki, Gwaggo Sanfa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Shekara tamanin da ɗaya, kusan duka a bakin murhu kina ƙyafe kifin tuna. Na yi kuka, amma wallahi duk sanda na tuna ki sai dariya ta ƙwace mini.

Laifina ne ya haɗa mu. Shekarun baya ɓeraye suka addabi kwakwarmu a ƙaramin tsibirin da ke gabas da namu, inda ba kowa sai tsuntsayen teku. Ni Adanu, da wayona, na loda kyanwa shida a jirgi na sake su can, na dawo ana yaba mini.

Ashe kyanwoyin ba ruwansu da hawan kwakwa. Suka faɗa wa 'yan tsakin tsuntsayen da ke kwance a kan yashi. Mu kuwa masunta tsuntsayen nan ne idonmu: inda suka taru suna shawagi, nan kifin tuna yake. Kafin shekara biyu sama ta zama fayau, muna ta yawo a teku kamar makafi. Gidaje da yawa suka koma cin shinkafa gaya.

Ke kika fara ganewa. Kika tare ni gaban masallaci, ludayi a hannu.

"Adanu, ɗan nan, kai ne malamin da ya kai kyanwa gidan tsuntsu?"

"Gwaggo, ai ɓeraye..."

"Rufe mini baki! Ɗauko jirginka."

Wata bakwai muna zirga-zirgar kamo kyanwoyin, ke da kwandunanki da kawunan kifi, ni da yakushi har a kunne. Sun hayayyafa sun kai talatin da ɗaya. Kika hana a kashe ko ɗaya, wai ba su suka tuƙo jirgin ba. Kika kwashe su gidanki, kuma duk wanda kika ji zai je kwasar ƙwai a can, sai ya ji a kunnensa.

Ba na mance safiyar da tsuntsayen suka dawo. Kina tsaye cikin ruwa har gwiwa, kina ɗaga musu hannu kina yi musu faɗa: "Sai yanzu kuka ga dama?" A makon nan kowane gida ya sha romon kifi.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarki Zuhura, da ɗanki Gasim, da jikoki, da duk masuntan da ke cin albarkacinki. Jiya Zuhura ta isar mini da wasiyyarki: kyanwoyi goma sha tara da suka rage, a kai wa Adanu, shi ya san inda ya samo kakanninsu. Na karɓa, Gwaggo. Ga su nan sun cika mini tsakar gida, kuma ko ɗaya ba za ta taka jirgi ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.