Jan Zaren Don Nicanor

Da zarar ganyen bishiyoyin garinmu Trevelin ya fara ja a ƙarshen Afrilu, gab da lokacin sanyinmu, ƙarfe bakwai na safe za ka tarar Don Nicanor Painefil ya buɗe rumfarsa, ƙoƙon shayin mate a hannu, ƙullin jan zaren ulu a aljihu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana shirya motocin gida na garin nan, waɗanda ake kwana da girki a ciki, kafin sanyi ya sauko. Bana gwiwoyi sun ce sun gaji, zai ajiye aiki.

Aikin ba na a-zo-a-gani ba ne. Ya zubar da ruwan tanki, ya cire batir ya kai ɗaki, ya ɗora motar a kan gungumen itace, ya toshe duk kafar da ɓera zai bi. Sannan ya kafa baki a bututun ruwa ya hura don fitar da ragowar ruwan, ya kara kunne a bango yana saurare. Famfon da ya tabbatar ya bushe, sai ya bar shi a buɗe ya ɗaura masa jan zare. Mun sha yi masa tsiya a kan wannan hurawa.

"Tsoho, an fa ƙirƙiro injin hura iska tun ba yau ba," in ji Ulises mai facin taya.

"Na ji labari. Injin naka yana da kunne?"

Mutum ɗaya ne bai taɓa kawo masa mota ba, wato Aníbal Evans. Da hannunsa ya mai da tsohuwar bas gida, ya ja bututunta yadda ransa ya so. Duk sanda suka haɗu sai ya ce, "Tawa ba ta buƙatar likita, Nicanor, je ka hura wa malalata." A jikin katakon da ke kan gadonsu, Aníbal ya rubuta da fensir sunan duk garin da shi da matarsa Delfina suka kwana, shekara arba'in.

Bara a watan Maris Aníbal ya rasu. Doña Delfina ta kasa ko taka matakalar motar, ta bar ta a bayan gida da ruwanta a ciki. Ran da rediyo ta ce ƙanƙara za ta sauka jibi, Don Nicanor ya ɗauki akwatinsa ya tafi ba wanda ya kira shi. Ya san in ruwa ya daskare a bututu fashewa zai yi, in ya narke kuma katakon nan zai sha, rubutun ya tafi.

Ya zubar da komai, ya ɗaure famfo uku. Ya hura, ya saurara, sai ya ji ruwa yana ƙugi a wani wuri. Ya sake hurawa har kansa ya sara. Daga nan ya leƙo ta taga ya kira Doña Delfina.

"Doña, mijin nan naki mai taurin kai, akwai inda yake ɗibar ruwa ban da kicin da banɗaki?"

Sai dariya ta kuɓuce mata, ta farko tun jana'iza.

"Ragon banza. Ba ya son fita daga bargo da safe. Duba ƙarƙashin gado, ta wajen kansa. Da nan yake cika butar mate."

Ɗan famfo ne da bai fi yatsa ba, bututunsa kuwa ya bi ta bayan katakon rubutun daidai. Dattijon ya kwanta a ƙasa mai sanyi da gwiwoyin nan nasa, ya tatse ruwan da bai fi kofi guda ba, ya ɗaura zare na huɗu. Sai da Doña Delfina ta shigo ta kama hannunsa ya iya tashi. Shigarta motar ke nan ta farko tun rasuwar Aníbal.

Don Nicanor, kai ne mai kunnen da inji bai da shi. Kai ne ka je wa mutumin da ya shekara ashirin yana yi maka ba'a, ka tsare masa abin da ya fi so a ran da ba ya nan balle ya gode. Muna ƙaunarka, kuma muna jin kunyar daɗewar da muka yi ba mu faɗa ba. Mun gode. Masu tasowa a wannan sana'a, ku riƙe injinku, amma ku koyi kara kunne, ku koyi zuwa gidan da ba a kira ku ba.

A watan Oktoba, da ƙanƙara ta narke, Doña Delfina ta tuƙa motar da kanta zuwa bakin tafki. Rubutun yana nan, ko harafi bai goge ba. A ƙarƙashin layin Aníbal na ƙarshe akwai sabon layi da rubutun hannunta. Ta kwance zare uku ta mayar wa mai su. Da ya tambayi na huɗun, cewa ta yi, "Wannan kam ka yi haƙuri, Nicanor. Yana nan inda ka ɗaura shi."