Motar Alhaji Garba da Ba Ta Son Gaisuwa

Ban taɓa mantawa da ranar da muka fitar da motar Alhaji Garba daga garejin Baba a Wurno ba. A hutun makaranta aikina shi ne wanke notuna da kananzir, don haka komai a gabana aka yi.

Tsohuwar mota ce ƙirar Fodi da wani Bature joji ya bari, kaji har sun yi ƙwai a cikinta. Alhaji ɗan kasuwar albasa ne, kuma duk ranar kasuwar Goronyo 'yan lorin Sakkwato ke riga shi saye. Ya ce in aka sake yi masa haka bana, ya bar sana'ar. Shi ya sa ya kawo wa Baba motar ya ƙara mata gudu.

Baba ya cire injinta ya sa na wata lori da ta faɗi a hanyar Rabah. Ya yanke rufin, ya fitar da kujerar baya. Injin ya toshe ramin da ake zura ƙarfen da ake juyawa a tayar da ita, saboda haka sai da turi take tashi. Kuma in aka ɗaga ƙafa daga totur, sai ta mutu.

"Alhaji, abu guda na," in ji Baba. "In ta tashi, kak ka tsaya sai Goronyo."

"Mi za ya tsai da ni?"

Muka tura. Ta yi ƙara, na toshe kunne, kafin in ɗago ta ɓace.

Ɗanjumma, yaron motar Alhaji, shi ne ya ba mu labarin sauran. Sun isa Marnona kamar an jefa su. A bakin hanya surukin Alhaji na zaune a kan buzu. Alhaji ya taka birki, ya sauka, ya tuɓe takalma, ya durƙusa. Mota ta mutu. Bayan gaisuwa aka nemi matura, duk majiya ƙarfi suna gona. Tsohon da kansa ya miƙe zai tura, Alhaji ya rantse ba za a yi haka ba. Suna cikin wannan ja-in-ja lorin Sakkwato ta wuce, sannan jakuna.

Da suka samu ta tashi, a gaba kaɗan ga malamin da ya yi wa Alhaji saukar Alƙur'ani yana tafe da sanda.

Sun shiga Goronyo ana naɗe buhuna.

Washegari Baba ya tare Alhaji. "Ba na ce maka kak ka tsaya ba?"

"In wuce surukina ina hayaƙi? Kai ka iya?"

Baba ya goge hannu da tsumma. "Ban iyawa," ya ce.

Mako guda muka yi muna mayar da ƙaramin injin. Ta koma tafiyar tsofaffi, amma tana jira a gama gaisuwa, kuma Alhaji kan tashi tun asuba. Tun daga nan, duk wanda ya ce wa Baba yana son gudu, kafin ya buɗe bonet sai ya tambaye shi wace hanya yake bi, kuma su wa yake da su a kanta.